Dandamalin Kallo A Kan Duwatsun Kano

Duk wanda ya taɓa fita arewa da birnin Kano da kaka, ya hau ɗaya daga cikin duwatsun Fanisau da hantsi, ya san abin da za mu faɗa. Da ya juya fuskarsa arewa sai ya ga gonaki sun shimfiɗu iyakar ganinsa, wannan tana jingine da waccan, ba daji a tsakaninsu. An riga an yanke gero, dawa ta sunkuya tana jiran ranarta, wake ya bi ƙasa ya rufe kunya. Ga kuka da ɗorawa da tsamiya tsaitsaye jefi-jefi cikin gonakin, gawo kuwa da ya yi damina tsirara ya soma fid da ganye. In ya waiwaya kudu sai ya ga birni ya taso yana matsowa, jiragen sama suna sauka suna tashi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a 'yan shekarun nan zancen jawo baƙi masu yawon buɗe ido ya yi yawa a bakin mutane, musamman tun watan Disamba na 2024, sa'ad da hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta ke alfahari da su. Hawan Fanisau kuwa yana cikin waɗannan hawa. Shi baƙo, ko daga ina ya fito, ɗabi'arsa ce ya nemi tudu ya tsaya ya hangi ƙasa. Saboda haka ko ba daɗe ko ba jima za a ce a gina wa baƙi wurin tsayawa a kan duwatsunmu. Mun ga ya fi kyau a tattauna yadda ginin zai kasance tun ba a ɗora buhun siminti na farko a kan jaki ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna Da Duwatsu Masu Aman Wuta?

Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan irin gini su ne mutanen ƙasashen da ke da duwatsu masu aman wuta, domin can ne baƙi su ke tururuwa, can ne kuma kuskure kaɗan ya ke jawo asarar rai. Mai karatu zai ce, to ina ruwanmu, mu da ba mu taɓa ganin dutse ya yi hayaƙi ba? Gaskiya ne, a arewacin Jihar Kano babu irin wannan dutse. Duwatsun Fanisau tsohon dutse ne mai tauri wanda ya daskare can cikin ƙasa tun zamani mai nisan gaske. Dala da Goron Dutse kuwa tuddai ne masu hular marmara, waɗanda ruwa da iska suka cinye ƙasar da ke kewaye da su suka bar su tsaye.

Amma ba mu yi nisa da wutar nan kamar yadda mu ke zato ba. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa tsaunukan Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa can ƙuryar kudancin jihar nan, saiwar wani babban dutse ne da ya yi aman wuta fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Kansa ya zaizaye, gindin ya saura a kewaye kamar zobe, kuma daga cikinsa ne aka daɗe ana haƙar kuza. Duwatsun garin Dutse, wanda ke cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, danginsu ɗaya, sun ma girme su. Jerin irin waɗannan duwatsu ya taso tun daga Azbin, ya ratsa Damagaram, ya bi ta ƙasar Kano da Bauci har Jos da gaba. A Kerang ta ƙaramar hukumar Mangu a Jihar Filato, da kuma ƙasar Biu inda tafkin Tila ya ke kwance cikin bakin wani tsohon dutse, har yanzu mutum yana iya ganin siffarsu sarai, ko da ya ke sun daɗe ba su motsa ba. Maƙwabtanmu na Kamaru kuwa ba su manta da daren 21 ga Agusta 1986 ba, sa'ad da iska mai guba ta taso daga tafkin Nyos ta hallaka mutum wajen 1,700 da dabbobinsu.

Abin Da Waɗansu Suka Koya

Akwai wani tsibiri wai shi Lanzarote, mallakar ƙasar Sifen, a cikin teku daura da Maroko. Daga 1730 zuwa 1736 duwatsunsa suka yi ta aman wuta, narkakken dutse da toka suka binne ƙauyuka da gonaki. Manoman wurin ba su gudu duka ba. Suka koyi haƙa ramuka cikin baƙar tokar, su dasa inabi a ciki, su kewaye kowane rami da 'yar katangar dutse don tare iska. Da baƙi suka fara zuwa, sai wani ɗan tsibirin, mai zane kuma mai tsara gini, César Manrique, ya tsaya kai da fata a kan kada a ɓata ƙasar da dogayen benaye. Wurin kallon da ya tsara a kan wani gaɓar dutse mai tsawo, wanda aka buɗe a 1973, an shigar da shi cikin jikin dutsen ne, aka lulluɓe shi da duwatsun wurin, har mai tahowa ba ya gane akwai gini sai ya iso bakin ƙofa. A gandun Timanfaya kuma, inda wutar ta fi ɓarna, ba a barin kowa ya yi yawo yadda ya ga dama. Motocin gandun ne su ke kwasar baƙi su zaga da su bisa hanya ɗaya siririya, domin sawun mutum a kan tokar nan yakan daɗe bai ɓace ba.

A ƙasar Ayislan akwai wani ɗan dutse mai suna Saxhóll, wanda jikinsa duk tsakuwa ce mai zubewa. Masu hawa suka yi ta taka shi ko ta ina, har gefensa ya soma rugujewa. Maganin da aka yi shi ne shimfiɗa matakala ta baƙin ƙarfe, gajera, mai bin kwanciyar dutsen a kan tsohuwar hanyar da ƙafa ta riga ta fitar. Mutane suka koma bin hanya guda, sauran jikin dutsen ya huta. Aikin nan ya ci babbar kyautar masu tsara filaye a Basalona a 2018.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A tsibirin Hawayi an yi gidan kallo na Jaggar dab da bakin dutsen Kilauea. A 2018 bakin dutsen ya rufta, girgizar ƙasa ta tsattsage ginin, tilas aka rufe shi. A Japan, ran 27 ga Satumba 2014, dutsen Ontake ya fashe da tsakar rana mutane suna bisansa, fiye da mutum 50 suka rasu. A Niyu Zilan ma, ran 9 ga Disamba 2019, mutum 22 suka hallaka a sanadin fashewar dutsen tsibirin Whakaari, yawancinsu baƙi ne da aka kai kallo.

In aka tattara waɗannan labarai, abu uku su ke koyarwa. A yi gini mara nauyi wanda bai fi ƙarfin wurin ba. A tsare ƙafar mutane bisa hanya guda. A kuma ja da baya daga bakin gaɓa, kome daɗin kallon da ke can. Duwatsunmu ba za su fashe ba, in Allah ya so, amma ruwan Agusta da ƙafar jama'a da gudumar masu fasa dutse suna iya yi musu a hankali abin da wuta ta ke yi cikin sa'a guda.

Darasin Dala

Ba sai mun je ƙetaren teku ba kafin mu ga haka. Dala ita ce cibiyar Kano. An sami shaidar cewa tun wajen ƙarni na 7 ana narkar da tama a gindinta, kuma tarihin Kano ya ambace ta tare da Goron Dutse da Magwan da Fanisau cikin wuraren da mutanen farko suka zauna tun kafin zuwan Bagauda. Daga kanta ne Bature matafiyi Barth ya hangi birnin a 1851, ya bar mana surarsa. A 2007 an sa ta, tare da ganuwa da kasuwar Kurmi da gidan Sarki, cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke neman a lissafa su cikin kayan tarihin duniya.

An yi wa Dala matakala ta siminti, kuma ba mai musun ta sauƙaƙa hawa ga tsoho da yaro. Amma wanda ya zaga gindin dutsen zai ga gidaje sun matso sun rungume shi, zai ga inda ruwa ya yi ta ƙwaƙular gefensa shekara da shekaru, zai ga shara. Halin marmara ke nan: samanta da tauri, ƙarƙashinta da laushi. In ruwa ya sami hanya ya cinye ƙasar da ke ƙasa, sai hular ta rasa madogara ta karye. Kusan duk ruwan shekararmu cikin wata huɗu ya ke zuba. Duk wanda ya malala faffaɗan daɓen siminti a kan tudu irin wannan ya tara ruwan nan ne wuri guda, ya sake shi ta baki ɗaya kamar indararo, shi kuwa ruwan ba zai rasa abin da zai tafi da shi ba. Abin da ya sami Dala cikin birni bai kamata a bari ya sami 'yan'uwanta na karkara ba.

Da Me Za A Gina?

Mu a ganinmu, dandamalin kallo ba ya bukatar girma. Wuri ne da mutum ashirin ko talatin za su tsaya ba tare da tsoron faɗuwa ba, da ɗan dakalin zama, da inuwa. Matakala ta bi hanyar da masu kiwo da yara suka riga suka fitar, gama ƙafa ba ta zaɓen hanya a banza. A jera ta da duwatsun da suka riga suka faɗo gindin dutsen, a bar 'yan tsaguna tsakaninsu don ruwa ya nutse, a kuma riƙa karkatar da shi gefe bayan kowane ɗan taƙi, kada ya taru ya yi ƙarfi. A kan falalen dutse kada a sa nakiya don daidaita wuri. Ramukan da za a huda don kafa ginshiƙi su zama kaɗan, yadda in wata rana jikokinmu suka ga mun yi kuskure za su iya kwashe ginin su sami dutsensu yadda Allah ya yi shi. A kan marmara kuwa a bar tazara mai kyau tsakanin dandamali da bakin gaɓa.

Game da kayan gini, da tsohuwar zuma a ke magani. Maginanmu sun san birji da tubali. Sun san azarar giginya wadda gara ba ta ci, sun san kuma ba a ɗora mata nauyi in tsakanin madogaranta ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga don rufe ɗaki mai faɗi. Sun san makuba da a ke samu daga kwasfar ɗorawa, da laso da a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ke hana ruwa shiga bango. Da irin wannan sani ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Kada kuwa a ce wannan aikin da ne. Masallacin ƙasa na Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta tsarin gini a 1986. A garin Dandaji kuma, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018.

Ba mu ce a yi gaba da siminti da ƙarfe ba. Kan dutse wuri ne na iska da ruwa, saboda haka tilas gindin katanga ya zama na dutse, inda ya kamata a ɗaure da siminti a ɗaure. Amma a sani, masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti shi ke fid da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuɗinsa kuma fita ya ke yi daga ƙauye ba ya dawowa. Shingen ƙarfe da rana ta bazara ba ya taɓuwa don zafi, da dare kuwa yana jan idon masu sayar da tsohon ƙarfe. Gajeriyar katangar dutse mai kauri, wadda ta kai ƙugun babba ba kuma yaro zai iya zurara ta cikinta ba, ta fi shi amfani, ba mai sace ta. Rumfa ta zama gajera, a ɗan sauko da ita daga ƙololuwa, yadda manomi da ke gonarsa zai ɗaga kai ya ga dutsen da ya sani, ba kwanon rufi yana ƙyalli ba. A sa mata ƙarfen da ke kai tsawa ƙasa, a kuma hana hawa in hadari ya haɗu. Makewayi da wurin alwala da na sayar da abinci duk su tsaya a ƙasa, nesa da rijiyoyin gari.

Wani zai ce ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara. Haka ne. Amma yaɓen nan aiki ne ga maginin garin da yaransa, kuma shi ke sa a riƙa duba lafiyar wurin kafin damina. Ginin da aka ce ba ya son gyara shi ne a kan manta da shi, sai ran da bango ya tsage.

Gonar Wa Za A Ci?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ƙasar da ta kewaye Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a duk yankin nan na Afirka. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga binciken da ya nuna yadda mutanen nan ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Asirin shi ne taki. Da rani jakuna su kai itace da amfanin gona birni, su komo da mangaloli cike da shara da toka. A tara kashin awaki da tumaki a kai gona, a adana harawa da karmami don dabbobi, a bar itatuwa masu amfani tsaye. Kowace itaciya da mai ita, kowane taƙi na ƙasa da wanda ya gaje shi.

To, wannan shi ne abin kallon. A Lanzarote baƙo yana kallon aikin wuta da dabarar manomi, a nan kuwa abin da zai gani daga kan dutse aikin hannun manomi ne tsantsa, na ɗaruruwan shekaru. In aka yanke gonaki biyar don wurin ajiye motoci, aka yanke goma don faɗaɗa hanya, aka sare ɗorawa don ta tare ido, an cinye abin da aka ce a zo a gani. Ga kuma hakkin mutane. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, in hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da a ke biya ta abin da ke kan filin ce, watau shuka da itatuwa da gini. Mutumin da gonarsa ba ta fi eka ɗaya ko biyu ba, in ya karɓi kuɗin shukar shekara guda, me zai ci baɗi, me kuma zai bar wa 'ya'yansa?

Don haka shawararmu ita ce motoci su tsaya a tashar gari ko bakin kasuwa, baƙi su ƙarasa da ƙafa. Wannan ma riba ce, domin mai tafiya ƙasa shi ke tsayawa ya sayi fura ko tabarma ko saƙi irin na Minjibir. Kada a toshe burtali, gama toshe shi ne mafarin rigima tsakanin manomi da makiyayi. Kada kuma a kafa ko turke ɗaya sai an zauna da hakimi da dagaci da masu unguwa da masu gonakin da ke gindin dutsen, an ji ta bakinsu. Su suka san inda maƙabarta ta ke, da inda ruwa ke bi, da kogon da ba a shiga.

Wa Zai Riƙe Wurin?

Fanisau ba sabon wuri ba ne ga masu hange. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da shi ribaɗi don tsaron arewacin birni, har yanzu kuma akwai gidan Sarki a can. Masu tsaron wancan zamani mutanen wurin ne, kuma haka ya kamata a yi yanzu. Samarin gari su zama masu yi wa baƙi jagora, a koya musu tarihin wurin da labarin duwatsun. Su ne za su ƙayyade yawan masu hawa a ranar Salla, su hana rubutu da fenti a jikin dutse, su tsare tsabta. Abin da aka karɓa a bakin hanya a san adadinsa, a ware na gyara, a ware na gari, a riƙa karanta lissafin a gaban jama'a.

Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Birni yana girma, yana cin tsakuwa ba dare ba rana, kuma duk dutsen da ke kusa da hanya masu fasawa suna kallonsa da idon kuɗi. Su ma abincinsu su ke nema, ba mu zarge su ba, amma ya kamata hukuma ta bambanta dutsen da za a fasa da wanda za a bari. Dutsen da aka fasa sau ɗaya a ke sayar da shi. Wanda aka bari kuwa, in mutanen gindinsa suna samun wani abu daga gare shi kowace shekara, su da kansu za su tsaya masa.

Muna roƙon Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi da masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, in lokacin wannan aiki ya zo, su fara da wuri ɗaya ƙarami. A kira masanin duwatsu ya duba ƙasa, a kira mai tsara gini ya zauna da Sarkin Magina su yi shawara, a gina, sa'an nan a bari damina biyu ta wuce a kansa a ga halinsa kafin a taɓa wani dutsen. Abin da aka koya a Fanisau zai yi amfani a Dala da Goron Dutse, zai kuma yi amfani ran da aka ce a kai 'yan makaranta Riruwai su tsaya a kan zoben tsohuwar wutar nan su gani da idonsu. Allah ya sa a yi abin da na baya za su sa mana albarka, amin.